Takama Maƙeri da Dutsen da ya Faɗo

Shekara hamsin Takama ya yi yana ƙira a bakin kasuwar Illela. Kakansa ya narka tama da hannunsa, shi kuwa da sifirin tsofaffin motoci yake ƙera hauya da lauje. Ba mai yawan magana ba ne, amma in ka miƙa masa ƙarfe, ya ƙwanƙwasa sau ɗaya, zai faɗa maka daga inda ya fito.

Wata ranar kasuwa bayan girbi, wani makiyayi mai suna Alhasan ya kwance bakin rawaninsa, ya ajiye baƙin dutse kamar dunƙulen hannu a kan maƙera.

"Da rana tsaka ya faɗo, kusa da awakina," in ji Alhasan. "Na ji ƙara kamar tsawa, kuma babu hadari. Ka duba mini, ko ƙarfe ne."

Takama ya ɗaga shi, ya ji ya fi girmansa nauyi. Ya goga gefe ɗaya da magagari. Ƙarƙashin baƙar fatar sai ga toka-toka, da ƙananan ƙwayoyi kamar gero, da ɗigon ƙarfe yana ƙyalli tsakaninsu. Ya ƙwanƙwasa, ya sake ƙwanƙwasawa.

"Wanga ban san shi ba," ya ce. Ba a taɓa jin wannan magana daga bakinsa ba.

Alhasan ya bar masa dutsen. Kwana uku Takama yana hura wuta yana fasa jefa shi ciki. A rana ta huɗu ya hau mota zuwa Birnin Konni, wurin Basira, ɗiyar ƙanensa, wadda ke koyar da kimiyya a lakwal, wato makarantar boko.

Basira ta kawo maganaɗisu, ya manne. Ta daɗe tana duban ƙwayoyin nan.

"Baba, in abin da nake zato ne, ya girmi ƙasar da muke takawa."

"Yi mini bayani yadda zan gane."

Ta ce masana sun ce kafin a yi rana da duniya, ƙura da iska ne kawai ke yawo a sarari. Tsakiyarta ta dunƙule ta zama rana, sauran ta yi ta mannewa har ta zama duniyoyi. Abin da ya rage nesa ya daskare da ƙanƙara, shi ne tauraruwa mai wutsiya. Na kusa ya zama duwatsu irin wannan. Shekara miliyar huɗu da rabi ke nan, wato miliyan dubu huɗu da ɗari biyar.

"Ƙwayoyin fa?"

"Ƙurar ce ta narke, ta huce."

Takama ya san yadda tartsatsi ke tashi daga maƙera ya huce a ƙasa, ɗan mulmulalle. Ya ce, "Allah mai iko. Ashe can ma an hura wuta."

Da Alhasan ya dawo kasuwa, Takama ya faɗa masa duk abin da ya ji, suka yarda a ba lakwal dutsen. Basira ta sa shi cikin kabad ɗin aji.

Bayan damina biyu ta kira shi a waya: dutsen ya fara jan tsatsa. Takama ya bar aiki ya taho. Ya goge shi a hankali da busasshen tsumma, ya ƙera masa ƙaramin akwati mai murfi, ya zuba shinkafa a cikinsa don ta sha laima.

"Duk shekarun nan bai yi tsatsa ba sai a hannunmu," ya ce wa Basira. "Ba na so a ce a wurin maƙera ya lalace."

Yanzu idanunsa sun yi rauni, ɗansa Hashimu ne ke riƙe da maƙerar. Amma duk farkon damina Takama yana zuwa Konni ya canza shinkafar, ya zauna a bencin ƙarshe ya saurari darasi har a tashi.