Ƙyashin Barakatu kan Tafiyar Ƙanwarta

A Kafur aka haifi Barakatu, 'yar Malam Mudi manomin masara da auduga, kuma tun tana ƙarama bakinta ya fi jikinta girma. In ta kwaikwayi muryar mai tallar manja, sai ka ga maƙwabta sun leƙo da kwalabe. A sakandare kuwa, in za a yi wasan kwaikwayo ranar rabon kyaututtuka, ba a ma shawara: ita ce alƙali, ita ce tsohuwa mai masifa. Ƙanwarta Zaituna tana can bayan labule da allura a baki, tana gyara mata naɗin rawani. Ba kowa ne ya san sunan Zaituna ba.

Barakatu ta zauna jarrabawar shiga jami'a, ba ta dace ba. Ta sake, aka maimaita. Sai ta kama koyar da 'yan aji ɗaya a wata makarantar kuɗi, tana ce wa mutane hutawa take yi kafin ta wuce.

Daminar bana sai ga Zaituna ta samu gurbi a Zariya, sashen wasan kwaikwayo, inda za ta karanci tsara suturar 'yan wasa da fasalin dandali. Barakatu ta rangaɗa guɗa har ta fi kowa, amma tuwon da ta tuƙa ranar gudaji ne zalla.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne Baba. Mutumin da yake kiran wasanta shiririta, yanzu in an tambaye shi a ƙofar masallaci sai ya gyara murya ya ce, "Ilimin tufafi za ta yi." Innarsu Adama kuma ta duƙufa, yau dakan yaji, gobe ƙullin kuka da daddawa. Da aka ce Zaituna za ta tafi da keken ɗinkin gidan, Barakatu, wadda ko zare ba ta taɓa zura masa ba, ta ce ita ma tana da buƙatarsa.

"Me za ki ɗinka?" in ji Inna.

"In buƙatar ta taso ai za a gani."

Ana haka Zaituna ta sami Barakatu a ɗaki, ta shigo da wata riga a hannu. Ɗaliban da suka riga ta shiga sun ba ta shawarar ta zo da hotunan aikinta. Da buhun taki ta yi rigar, ta wanke shi ta rina, ta jera bawon masara a kafaɗu kamar fukafukai, ta bi gefen da auduga. Ta ce suturar wata tsohuwa ce mai gadin amfanin gona.

"Yaya, ke za ki sa min. Ni in na sa, buhu ne kawai."

"Wato ni ce gunkin shagonki."

"Haba Yaya. Wa ya iya in ba ke ba?"

Wannan maganar ce ta karya ta. Da la'asar ta sa rigar ta tsaya jikin rumbu. Kafin Zaituna ta saita waya, Barakatu ta ranƙwafa, ta ɗauki kara, ta fara yi wa tsuntsaye faɗa da muryar tsofaffi. Matan maƙwabta suka cika gidan, ana ta shewa. Rabon da ta ji daɗi irin haka tun tana makaranta.

Sai Hajiya Sabuwa, maƙwabciyarsu, ta matso ta kama gefen rigar. "Kai, Zaituna, wannan hannu naki da albarka yake! Ke Barakatu, tsaya cak mana mu ga ɗinkin."

Ta tsaya cak. Suka yi ta juya ta suna shafa buhun. Da suka gama ta cire, ta ninke, ta ajiye a bakin gado.

Ranar tafiyar Zaituna, Barakatu ta ce ba za ta bar 'yan ajinta ba malami ba. Zaituna ce ta sa ɗan acaɓa ya biya da ita makarantar, ta tsaya bakin aji.

"Yaya, na tafi."

"Allah ya tsare. Ki kula da wayarki a tashar Funtua."

Ta juya ga allo. Sai da ƙarar babur ta ɓace ta lura allin ya karye a hannunta.

Har yanzu Barakatu tana Kafur tana koyarwa. Duk wanda ya tambaye ta karatun ƙanwarta, sai ta taɓe baki ta ce ɗinki ne aka sa wa sunan boko. Zaituna takan turo mata bidiyon dandalinsu, da fitilu da labule mai jan kansa. Amsar Barakatu ba ta wuce "Ya yi." Amma Inna ta sha kama ta a gindin murhu tana maimaita kallon, tana tsaki.

"Dubi wannan yarinyar, Inna. An ba ta riga mai kyau, ko tsayuwa ba ta iya ba."

"To ki faɗa wa Zaituna mana, ta gyara mata."

"Su da ke jami'a ai sun fi ni sani," in ji Barakatu, ta sake danna bidiyon daga farko.