Ɗalibaina da Kwamfuta Ba Ta Gani a Birnin Kudu da Basirka

Mun tashi da asuba daga Kano ranar Asabar, ni da wani abokin aikina na sashen kwamfuta, da direban da ya yarda ya kai mu. Ina koyar da ɗaliban digiri masu karatu suna aiki, yawancinsu malaman firamare, kuma tun bara laccarmu ta koma ta intanet. Sashenmu ya yanke cewa duk wanda manhaja ta nuna bai halarci darasi yadda ya kamata ba, ba zai rubuta jarrabawa ba. An miƙo min sunaye in sa hannu ranar Litinin. Shida daga ciki 'yan Birnin Kudu da Gwaram ne, har da Malama Hadiza, wadda aikinta ya fi na kowa kyau amma ba ta taɓa shiga ajin ba ko sau ɗaya. Gaskiya na zargi wani ne ke rubuta mata. Shi ya sa na ce sai na gani da idona.

Damina ta yi kyau bana. Daga Wudil zuwa gaba gero ya fi mutum tsayi, hanyar kuma ba laifi, sai ramuka jefi-jefi da direbanmu ya san kowanne kamar maƙwabcinsa. Da duwatsun Birnin Kudu suka fara bayyana muka tsaya karin kumallo: ƙosai mai zafi da kunun tsamiya. Abokin tafiyata, wanda ya ce shi ba ya cin abu da safe, shi ya sa aka ƙaro sau biyu.

Wani ɗalibina, Malam Sabi'u, ya tare mu ya kai mu ƙauyen Surko. A bayan makarantar firamare akwai wata ƙatuwar tsamiya a kan tudu, da benci biyu a ƙarƙashinta. Nan ne kaɗai sabis ke tsayawa, in ji shi. Na tarar da mutum biyar suna jirana, da Sabi'u su shida ke nan, biyar daga cikinsu suna cikin jerin da zan sa wa hannu.

"Malam, ai ba mu taɓa fashi ba," in ji Sabi'u. "Wayar Malam Ado ce kawai ke ɗaukar bidiyo. Mukan jingina ta a kan benci mu zagaye ta."

Ashe manhajar mutum ɗaya take ƙirgawa. Malam Ado, na shidansu, shi ne ke da cikakkiyar halarta a ajina gaba ɗaya, sauran kuwa suka tabbatar min shi ne ke fara gyangyaɗi. Bai musa ba. Abokin aikina ya zagaya tudun yana ɗaga wayarsa sama, ya dawo ya tabbatar nan kaɗai sabis yake.

Bayan azahar muka kama hanyar Gwaram. A tasha muka sha fura da nono mai kauri wadda rabona da irinta tun ina yaro, sannan muka wuce Basirka. Ruwa ya cinye hanyar unguwarsu Malama Hadiza, dole muka bar mota muka hau babura. Ɗan acaɓan da ya ɗauke ni ya tsallake wani kwazazzabo yana ba ni labarin farashin taki, ni kuwa ina ta salati a zuci.

Mahaifinta dattijo ne mai makarantar Islamiyya. Ya karɓe mu a zaure, aka kawo ruwa da dafaffiyar gyaɗa, aka daɗe ana gaisawa kafin ta fito. Na faɗi abin da ya kawo ni ba kwana-kwana, har da zargin da na yi. Ta koma ciki ta dawo da littattafan rubutu guda huɗu ta ajiye a gabana.

Laccocina ne, tun daga ta farko, da rubutun hannunta. A nan sabis ba ya ko buɗe manhajar. Sabi'u ne ke naɗar muryata a Surko, ya zuba a katin memori na waya, ya ba mijinta, direban bas da ke jigila tsakanin Basirka da Birnin Kudu. Duk lacca takan iso mata bayan kwana biyu, ta saurara bayan ta tashi daga makaranta, ta rubuta. Aikin gida kuma ta hanyar nan yake komawa. Har barkwancin da na yi a aji ta rubuta, ta ja masa layi.

"Malam, a mako na shida akwai wurin da ban gane ba," in ji ta. "Abin da ka faɗa ya saɓa da na mako na biyu."

Na duba shafin. Ita ce da gaskiya, ni na yi kuskure, kuma cikin duk waɗanda kwamfuta ta ce sun halarta babu wanda ya lura. Mahaifinta ya yi murmushi, ya ce, "To Malam, a gyara mata ko ta gyara maka?" Na ce ta riga ta gyara.

Mun iso Kano bayan magariba, da buhun gyaɗa da dattijon ya hana mu ƙi. Ranar Litinin ban sa hannu ba. Na kai hotunan littattafan nan da na bencin Surko gaban shugaban sashe, abokin aikina ya ba da shaida. An yi gardama sosai, amma a ƙarshe aka bar su shidan su rubuta jarrabawa, aka kuma yarda mu riƙa fitar da kowace lacca a murya zalla, mara nauyi, wadda ƙaramar waya za ta iya saukewa.

Tafiyar ta koya min cewa manhaja tana ƙirga wayoyi ne, ba ɗalibai ba. Yanzu in na zauna gaban kwamfuta zan fara darasi, nakan rage sauri, in maimaita kalma mai wuya sau biyu, domin na san akwai mai bi na da biro a Basirka, kuma ba ta barin kuskure ya wuce.