Ranar da Cyril Ya Kai Mu Ollerdyke

Shekara ashirin da shida Cyril Hepworth yana tuƙa mu zuwa wasannin waje, kuma ban taɓa jin wani ya yi masa godiya ba, sai dai tsiya. Mu goma sha uku ne masu bin ƙungiyar Skelby duk inda ta je, ƙungiyar da ko a jaridar yankinmu sai ka duba can ƙasan shafi kafin ka ga sunanta. Golanmu mai gyaran famfo ne, kyaftin ɗinmu malamin lissafi. Cyril kuwa tsohon direban motar burodi ne. Shekara talatin ya yi yana raba burodi ƙauye-ƙauye, don haka babu lungun da bai sani ba a wajenmu. Duk Asabar yakan zo da ƙaramar bas ɗinsa, da jar hular saƙa, da littafin da yake kwafe sunayen 'yan wasan ɓangarori biyu a ciki. Ba ya shan giya, ba ya zuwa coci, 'ya'yansa sun yi nisa. In ka cire Asabar daga makon Cyril, to ba abin da ya rage masa.

A bara ƙuri'ar kofi ta jefa mu Ollerdyke, garin da ba mu taɓa takawa ba. Ni ne a kujerar gaba. Tunda muka bar hanyoyin da muka saba, Cyril ya rage gudu, har wata tarakta ta wuce mu.

"Cyril, gawa muke rakiya ne?" in ji Trevor mahauci daga baya.

"In kana sauri sauka ka tura," in ji Cyril. Sannan ya rage murya ya ce da ni, "Lenny, karanta min allon can, ni idona yana kan titi."

Na karanta masa. Sau huɗu ina karanta masa alluna, ban kawo komai a raina ba. Har yau in na tuna sai in ji haushin kaina.

Filin Ollerdyke irin na da ne. Rumfar katako guda ɗaya, kwanon rufinta duk tsatsa, filin kansa ya karkata, in ka ajiye ƙwallo a tsakiya sai ta kama hanyar gangare. A gefen rumfar akwai ɗakin shayi, wata dattijuwa Mavis ke riƙe da shi. Jikin bangon ɗakin an kafa alluna biyu, ɗaya na sunayen 'yan wasa, ɗaya na abincin da ake sayarwa.

Ina cikin layin shayi na hango Cyril a tsaye, ya buɗe littafinsa, yana ɗaga kai yana dubawa yana rubutu kamar kullum. Sai dai a gaban allon abinci yake.

Mavis ta leƙo ta taga ta ce, "Baba, in shayi kake so ba sai ka rubuto takarda ba."

Aka yi dariya, shi ma ya yi, ya ce ai farashinsu yake rubutawa don ya kai ƙara. Na matsa in ƙara masa tsiya, sai idona ya faɗa kan shafin. Sunayen yaranmu ne ya rubuto da ka, layi yana hawa kan layi. Ɓangaren Ollerdyke kuwa fari fat. Sai aka busa usur, na ce wa kaina wataƙila tabarau ya manta.

A irin wasanmu ba a raba magoya baya. Kowa yana tsayawa bayan ragar da yaransa ke kai wa hari, in an tafi hutu kuma sai a yi musayar wuri, mu tafi can su dawo nan, mu haɗu a hanya muna yi wa juna ba'a. Cyril ne kullum a gaba, wannan haƙƙinsa ne, ba mai shan gabansa. A duk filayen yankinmu ya san inda matakala take, ya san inda magudana take. Na Ollerdyke ne bai sani ba. A tsakiyar siririyar hanyar da ke gaban rumfa akwai turken fitila na ƙarfe, kowa yana kewaye shi. Cyril yana tafe yana amsa wa wani ɗan garin da ke tambayar ko aron golanmu muka yi daga gidan tsofaffi, ya nufi turken nan kai tsaye, idonsa a buɗe. Ƙarar karon har cikin rumfa an ji ta.

'Yan Ollerdyke ne suka ɗaga shi suka zaunar kan benci. Jini yana bin girarsa. Mavis ta fito da tawul da ruwan ɗumi, ta goge masa, sannan ta ɗaga hannu a gaban fuskarsa.

"Yatsu nawa?"

Cyril bai dubi hannun ba. Ya karkata kai gefe, kamar kaza tana kallon hatsi, ya duba da wutsiyar ido. "Uku."

"Uku ne," in ji Mavis. Ta sauke hannun. "Haka mijina yake kallon mutum, shekara guda kafin idon ya rufe. Wa ya tuƙo ku?"

Mu goma sha biyu muna tsaye a kansa. Trevor da ba ya rasa abin faɗa ya nemi wuri ya zauna.

"Tun yaushe?" na tambaye shi.

"Tun Maris. Tsakiyar idon ce ta tafi, Lenny. Gefe-gefe ina gani sarai."

"Likita ya ce me?"

"Ban je ba. In na je za su karɓe lasin."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Wata bakwai ke nan, kuma a cikinsu jikata ta hau bas ɗin nan sau biyu. Na so in zage shi a gaban baƙi, amma na fasa. Na miƙa hannu kawai na ce ya ba ni makulli.

Ya fito da shi daga aljihu, ya damƙe. "In na ba ka, da sunan wa zan riƙa zuwa?"

"Da sunan mai cika mana kunne, kamar kowa," in ji Trevor.

Ya daɗe kafin ya saki. Mavis ta ɗauki littafinsa, ta je gaban allon da ya dace, ta cike masa ɓangaren Ollerdyke da hannunta. An ce mana biyu suka ci mu a zagaye na biyu. Ni dai ban ga ko ɗaya ba.

Ni na tuƙo mu gida, Cyril yana kujerar da na zauna da safe, da filasta a goshi. Ba wanda ya yi waƙa. Muna wuce gadar da yankinmu ya fara, ya jingina kai ya rufe ido, na ɗauka barci zai yi.

"Rage gudu," ya ce. "Kwana na nan tafe, ta hagu."

Ga kwana kuwa.

"Bayan ta akwai rami a gefenka. Kauce."

Na kauce, ramin ya wuce ta ƙarƙashin madubi. Haka ya yi ta faɗa min hanya, gidan mai, mararraba, wurin da tumaki ke tsallakawa, tun kafin in gansu, bai yi kuskure ko sau ɗaya ba, bai kuma buɗe ido ba. A madubi na ga sauran sun miƙe zaune, suna kallon ƙeyarsa. Kowa ya gane yadda aka yi ta kai mu ana dawo da mu tun Maris.

Da muka shiga Skelby ya ce, "Wajen makarantar nan ne kawai nake jin tsoro. Yara ba sa tsayawa inda ka bar su jiya."