Suwic na Huɗu

Wata tara na'urar nan tana kulle a sito cikin ledarta, amma ranar da abu ya ɓaci ni aka nuna da yatsa. Har gobe ban yafe ba.

Ni ba yarinya ba ce. Sai da na aurar da 'yata ta fari sannan na shiga ajin yaƙi da jahilci a Abbare. Daga nan na bi karatun kwamfuta, har na samu aiki a wata cibiyar jarrabawa a Sarkin Dawaki. Akwatuna uku ne ke haɗa kwamfutocin zaurenmu, suwic ake ce musu. An ɗora su kan juna, waya ta ɗaure su ta baya, suna aiki kamar abu guda. Ɗaya ke shugabanci, ɗaya na jiran gado. Amma dole manhajar cikinsu ta zama iri ɗaya, in ba haka ba ba sa jituwa.

Na huɗu, wanda ke kulle a siton, don ɓacin rana aka saye shi. Manajanmu kuwa ya mai da shi kwanon jere, na kallo ba na cin tuwo ba. Da na sabunta manhajar ukun nan, na je neman makullin sito.

Ya ce, "Adda, sabo ne fil. Me za ki gyara a jikin sabo?"

Na ce, "Yallaɓai, kwalin ne sabo. Abin da ke cikinsa ya tsufa."

Ya yi dariya, ya mai da makullin aljihu.

Ana jibi jarrabawa, da hantsi muna gwaji, na tsakiya, wanda ba shugaba ba kuma ba magaji ba, ya mutu. Layuka guda na kwamfutoci suka yi ɗif. A guje aka fito da na kwali, na jona shi, 'yan'uwansa suka ƙi karɓarsa. Na tura masa fayil ɗin sabuwar manhaja, sau biyu yana tsayawa a rabin hanya. Manaja ya dubi ma'aikata ya ce, "Karatun tsufa ke nan. A kira mana injiniya daga Yola."

Na san in injiniyan nan ya sauka, kujerata ta tafi.

Na ce, "A ba ni zuwa la'asar. Kowa ya fita."

Ɗabi'ata ce ba na goge tsohon fayil don na samu sabo, ko da wuri ya matse. Yana nan a cikin biyun da suka rage. Na umarce su su tashi da shi, ko ya zo daidai da na cikin sabon akwatin, na kashe na kunna. Fitilu suka daɗe suna ƙifta ido, ni kuma ina ta salati. Can sai suka tsaya kore, uku reras.

Manaja ya leƙo ya ce ai dama ya san zan iya. Ni kaina ban gama yarda ba. Ban taɓa ganin mai jiran gadon ya karɓi aiki ba, a littafi kawai na karanta, ga jarrabawa a bakin ƙofa.

Washegari da safe na sa aka kunna kwamfutocin zauren duka. Na kira manaja, na tsayar da shi kusa da ni, na kama wayar wutar shugaban na zare.