Ƙahon Kawu Bubakar

Ka taɓa ganin tsagar wanzami ta ƙi daina jini? Ni na gani a bayan kawuna Bubakar, dillalin raguna a kasuwar Dakoro, mutumin da tun ina yarinya bazara ba ta wucewa ba a yi masa ƙaho ba.

Bara ya faɗi yana tsakar ciniki, baki ya karkace, hannun dama ya saki. A asibitin Maraɗi lokotoro, wato likita, ya ce zuciyarsa tana bugawa ba tsari, jini yana daskarewa a ciki, gudan jinin ne ya haura ƙwaƙwalwa. In ba a tsinka jinin ba, faɗuwa ta biyu tana tafe. Magani biyu ya ajiye gabanmu. Tsohon da sauƙin kuɗi, amma sai an riƙa zuwa awon jini. Sabon ba yawan awo, sai tsada, kuma ba a tsallake shi. Na dubi nisan Maraɗi, na dubi ƙafar Kawu da yake ja, na ce sabon. Kawu ya ce to.

Na lissafa komai: ƙwayoyin, mai ba shi, wuƙaƙen da za a ɓoye masa kada ya yanke. Ƙaho ne kaɗai ban lissafa ba.

Da zafi ya shigo, na iske shi a zaure ba riga, amininsa Rabo wanzami ya kafa masa ƙaho shida.

"Kawu, mi ke nan?"

"Ba lokotoronki ya ce jinina na daskarewa ba? Ƙwaya ta tsinka, Rabo ya kwashe. Aiki ya yi sauri."

"Tun muna samari nike cire mai mataccen jini, ɗiyata," in ji Rabo, "ban kashe shi ba tukuna."

Ya cire ƙahon, ya goge. Jini ya dawo. Tsumma na farko ya jiƙe, na biyu, na uku. Ina danne tsagar da mayafina aka sa Kawu a amalanke zuwa asibiti, can aka samu ya tsaya.

An ce a bar ƙaho, a ci gaba da ƙwaya. Kawu kuwa cewa yake ƙwayar ce ta so halaka shi, zai bar ta. Rabo ya rantse in ya bari, ko aski ba zai ƙara yi masa ba. To, yana sha dai, amma sai na ga ya haɗiye hankalina ke kwanciya, kuma ba kullum nake gida ba.

In kana da tsoho mai shan maganin tsinka jini, don Allah tashi ka je ka faɗa wa wanzaminsa da bakinka. Kada ka aiki kowa.