Mai Fitilar Zabi

Ina zuba wa zabi tsaba a gonar gwaji ta Samaru wayata ta yi ƙara. Talatu ce, babbar 'yar malamina Dokta Yohanna. Ta ce, "Yaya Hadiza, Baba ya tafi." Na zauna a kan buhun dusa, na daɗe ban tashi ba. Daga Allah muke, gare shi za mu koma.

Shekarun da na yi ina ɗalibarsa, tambaya ɗaya ce ta hana shi sakat: me ya sa zabuwa ba ta yin ƙwai sai damina ta kusa? Kowa a ƙasar Zazzau yana da amsa, wai sai ta ji ƙamshin ruwa. Shi kuwa ya ce da sake. Yakan ce mana, "Tsuntsu ba ya duban gajimare, tsawon yini yake aunawa." Ya koya mana cewa idan yini ya fara tsawo, hasken yana ratsawa har cikin ƙwaƙwalwar tsuntsu, ita kuma ta saki sinadarai cikin jini su farkar da gaɓoɓin haihuwa. Ya yi imani idan aka ƙara wa zabi haske da abinci, manomi zai sami 'yan tsaki tun da rani.

Sai ya sa muka riƙa kunna musu wuta daga magariba zuwa isha. Ranar da aka ɗauke lantarki, da kansa yake jera fitilun ƙwai. Nan aka sami abin dariya. Masu kaji a kasuwar Sabon Gari suka laƙaba masa Mai Fitilar Zabi, wani ma ya ce masa, "Dokta, ai fitilar ƙwai ba ta kawo ƙwai." Ni raina ɓaci yake yi, har yau ma ban gama hucewa ba. Shi kam sai ya biya kuɗin dusarsa, ya yi musu sai an jima.

Shekarar farko zabin suka yi ƙwai, muka sa wa kaji su kwanta a kai, ko ɗaya bai ƙyanƙyashe ba. Ashe matan kaɗai muka haska wa, mazan suna can wani ɗaki a duhu, jikinsu bai san lokaci ya yi ba. Da wani malamin ne, da ya ɗora wa ɗalibai laifi. Shi tsayawa ya yi a gabanmu ya ce, "Kuskurena ne. Mun yi wa amarya lalle, mun manta da ango." Ranar na ƙara sanin irin mutumin da nake bi.

Bana muka sake gwadawa, maza da mata a haske ɗaya, amma ciwo ya kwantar da shi a gidansa na Palladan tun kafin a sa wa kaji ƙwan. Tsorona ɗaya, kada ya tafi da sunan da aka laƙaba masa bai ga gaskiyarsa ba. Makon jiya, ana tsakiyar zafin bazara, ƙwan suka fashe. Na zuba 'yan tsakin a kwando na hau acaɓa. Mama Ladi, matarsa, ta tallafo kansa don ya gani. Ya daɗe yana kallonsu suna tsuwwa, sannan ya ce, "Hadiza, an yi ruwa ne?"

Na ce, "Ko ɗigo ba a yi ba, Baba."

Ya ce, "To, madalla." Maganar ƙarshe ke nan da na ji daga bakinsa.

Ina alfahari da cewa a hannunsa na koyi aiki, kuma zan faɗa a gaban kowa. Allah ya saka masa da alheri, ya sa ya huta. Allah ya ba Mama Ladi da Talatu da ƙannenta haƙurin wannan rashi, ya tsaya musu inda shi yake tsayawa, ya raya jikokinsa su girma su ji ko wane ne kakansu.