Yaron da Kaka Ta Ƙi Faɗin Sunansa

Shekarar da Kaka, mahaifiyar Baba, ta zo mana Hyattsville ta Amurka daga Gaya, Baba ya kwashe mu zuwa wani gandun shaƙatawa na bakin kogi, mu kwana a tanti. Kaka ba ta yarda da tafiyar ba tun daga mota. Ta ce mutum da gidansa da ƙofarsa, me ya kai shi kwanan daji in ba wani abu ake ɓoye mata ba? Ma'aikacin gandun da ya zo yana murmushi yana tambayar sunayenmu ma, harara ta bi shi da ita har ya ɓace.

Ƙanena Habibu kuwa tun la'asar idonsa na kan ruwa. Kaka ta lura. Bayan magariba, da Baba ya hura wuta, ta jawo Habibu jikinta, ta riƙe masa wuyan hannu, ta ce ga wata tatsuniya nan tafe, mu buɗe kunne.

Wai wani yaro ne, uwarsa ta aike shi wankin ƙwarya. Wani baƙo mai fara'a ya tambaye shi sunansa, ya faɗa. Da yamma sai ya ji ana kiransa daga tsakiyar ruwa, da muryar uwarsa sak. Ya amsa, ya shiga. Ƙwaryar kaɗai aka tsinta.

Ni dai ban gamsu ba. Duk tatsuniyoyinta kowa da sunansa, har akuya. Na ce, "Kaka, yaya sunan yaron?"

Ta ce, "Yaro dai. Ke kin cika bin diddigi."

Habibu bai ƙara leƙa ruwan ba, har muka dawo. Ni kuwa na daɗe ina zargin ƙirƙirar labarin ta yi don ta tsorata mu, har haushinta na ji.

Bayan rasuwarta na yi wa Baba zancen ina dariya. Bai yi dariya ba. Ya ce yana da wa, wanda kogin Gaya ya ci tun kafin a haifi shi Baban. Na tambaye shi me ya hana ta faɗin sunan.

Ya ce, "Ɗan farinta ne. Ko yana raye ba za ta kama sunansa ba."

Yanzu in na kai 'ya'yana bakin kogi, a wuyan hannu nake riƙe su.